Gyaran Gida: Ƙofar Gareji Daga Ƙasa Take Mutuwa

Duk wanda ya zaga unguwannin Haɗejiya bayan damina, ya duƙa ya dubi ƙofofin ƙarfe na gidaje, zai ga abu guda. Daga sama fenti yana nan da ƙyallinsa. Amma taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa ƙarfe ya yi ja, ya kumbura, wani wuri har ya huje, kaji suna shige da fice. A wannan wata muna so mu yi magana da ku a kan wannan taƙi biyu, gama a nan ne kuɗin mai gida yake zurarewa.

Da muka ce gareji, ba lalle sai ɗakin mota irin na Turawa ba. Yawancinmu abin da muke da shi shi ne babbar ƙofa mai ƙyaure biyu wadda mai walda ya ƙera, ana buɗe ta a shigar da mota ko babur ko Keke Napep. A bayanta kuma ake ajiye injin ban ruwa, da buhunan shinkafa, da takin zamani. Watau rabin arzikin gida yana bayan wannan ƙofa.

Mutumin Kano ko Gumel yana iya barin ƙofarsa shekaru bai taɓa ta ba. Mu a bakin kogi ba mu da wannan dama. Ruwan samanmu ba shi da yawa, daga Yuni zuwa Satumba ne ya ƙare. Amma ruwan da yake damunmu daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma idan suka cika suka tumbatsa, rarar wurinmu take gangarowa. Tun da kogi ya daina ƙafewa da rani kamar dā, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan gari, wajen Guri da Kiri Kasamma. Ruwa in ya rasa hanya sai ya bazu. Mun gani a 2001 da 2010, mun sāke gani a 2020 da 2022, sa'ad da ya ci gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa da gefen Haɗejiya, samari suna kwana cika buhuna da yashi. Ko a shekarar da babu ambaliya, ƙasa takan jiƙe ta daɗe ba ta bushe ba, laka kuma takan taru a gindin ƙofa.

Laka ta fi ruwa ɓarna. Ruwa yakan zo ya wuce, ƙarfe ya bushe. Laka kuwa takan manne, ta riƙe danshi makonni, tsatsa tana ci a ɓoye. Saboda haka aikin farko ba ya bukatar ko kwabo. Da zarar ruwa ya janye, a sa yara su ɗauki shebur da tsintsiya su kwashe lakar da ke gindin ƙofa ciki da waje, a wanke ƙasan ƙyauren da ruwa mai tsabta, a buɗe shi rana ta buge shi. A tona ramin da sakata take shiga a ƙasa, gama shi ne yake fara cika. Kada kuma a jingina buhun taki da ƙofa. Takin zamani yana jan danshi, yana cin ƙarfe kamar gishiri.

Akwai wani abin da masu walda da yawa ba su faɗa wa mai gida. Ƙashin ƙofa, watau firam ɗinta, da bututun ƙarfe ake yinsa, cikinsa fanko ne. Ruwa yakan shiga ta inda walda ba ta rufe ba, ya kwanta a bututun ƙasa, ya ci shi daga ciki. Kana ganin fenti lafiya, ka danna da yatsa ya lotsa. Maganinsa ƙaramin rami ne. A huda ƙarƙashin bututun ƙasa wuri biyu ko uku, kaurin fensir, domin ruwa ya sami mafita. Idan ka huda ka ga jan ruwa yana zubowa, ka san ka yi a kan kari.

Fenti kuwa da lokacinsa. Ba a yinsa da damina, gama ƙarfe bai bushe ba. Ba a kuma yinsa ranar da hazo ya sauko, ƙura za ta manne a kai. Mu mun fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ko kuwa Maris da Afrilu da sassafe kafin ƙarfe ya ɗau zafi. A kankare tsatsa da burushin waya da samfefa har sai farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan na ƙarfe, a bari ya bushe, sa'an nan a bi da fentin mai sau biyu. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ya yi wa kansa ado ne kawai, cikin watanni zai ga yana ɓamɓarewa. Ba dole ne a fente ƙofa duka kowace shekara ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa ya isa, ƙaramin gwangwani ɗaya zai yi.

Hinji da sakata suna son mai, amma kaɗan. Mukan ga an cusa giris da yawa, hunturu ya zo, ƙura ta gauraya da shi ya zama kamar samfefa, yana cin hinjin da aka so a kāre. A goge tsohon da tsumma da kananzir, a ɗiga man inji ɗigo biyu uku, a share rarar. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Yanzu bari mu zo ga inda aka fi yin asara. Wata rana mai gida zai ga ƙyaure yana jan ƙasa, ko sakata ba ta haɗuwa da raminta. Sai ya kira mai walda, shi kuwa ya yanke inci biyu daga ƙasan ƙofa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Baɗi ƙofa ta sāke jan ƙasa, a sāke yanka. Nan da shekara uku akuya tana bi ta ƙarƙashi. Sau da yawa ƙofar ba ta da laifi, ginshiƙin da aka rataye ta ne ya karkata. Ƙasar fadama mai yumɓu takan kumbura in ta sha ruwa, ta tsage in ta bushe, kowane manomin shinkafa ya san wannan. Ginshiƙin da tushensa bai yi zurfi ba yana bin wannan motsi, nauyin ƙyaure kuma yana jansa wajen tsakiya.

Kafin ka yarda a taɓa ƙarfe, ka yi gwaji da kanka. Ɗaura dutse a bakin zare, ka riƙe zaren a saman ginshiƙi, ka bar dutsen ya sauka kusa da ƙasa. Idan tazarar da ke tsakanin zare da ginshiƙi ɗaya ce sama da ƙasa, ginshiƙi yana tsaye. To, sai ka ɗaga bakin ƙyaure da hannu. In ya yi wasa sama da ƙasa, hinji ne ya cinye, a sāke shi, aiki ne na rabin yini. In kuwa ginshiƙi yana tsaye, hinji lafiya, amma ƙyaure ya sunkuya, a yi masa karan ƙarfe a gicciye, daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata, a ɗaga shi da jak kafin a yi walda. Ƙofar katako akasin haka ce, tokararta daga hinjin ƙasa take tashi zuwa sama. Amma idan zare ya nuna ginshiƙi ya karkata, magini za ka kira, ba mai walda ba. Kuma kada a bar kowa ya yi walda yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutar lantarki ba ta san gwani ba.

Waɗansu sun bar ƙyaure biyu sun koma ƙofar turawa mai tafiya a kan layin ƙarfe, ko ta naɗi irin ta kantuna. Suna da kyau, ba su cin wuri. Amma a ƙasarmu layin yana ƙasa daidai inda laka take kwanciya, boris ɗin taya kuma da ya sha ruwa sai ya ƙage. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wannan: ƙofar turawa abu kaɗan ne yake riƙe da ita a tsaye, watau maƙalin sama da ɗan ƙarfen da ke tare ta a ƙarshen layi. Idan tsatsa ta ci ɗayansu, yaro ya tura da gudu, ƙofa takan zarce ta faɗo, ga ta da nauyin da ƙato biyu ba su ɗaga ta. Iyaye mata, ku da kuke yini a gida, ku dubi waɗannan wurare biyu yau, ku hana yara lilo a kan ƙofa. Ta naɗi kuma tana da sifirin a cikin akwatin sama, a ɗaure yake da ƙarfi ƙwarai. Kada mai gida ya sa sifana a kansa, yana karya hannu. Aikin wanda ya koya ne.

A Amurka wani mutum mai suna C. G. Johnson ya fito da ƙofar gareji mai ɗagawa sama a 1921, ya yi mata injin lantarki a 1926. Amma bayan irin waɗannan ƙofofi sun danne yara da dama, sai aka yi doka, daga 1993 kowane sabon inji ya kasance da abin da zai sa ƙofa ta koma sama idan wani abu ya gitta. Mukan ga masu hali suna sa injin buɗe ƙofa a manyan birane. A bakin kogi ba mu ba da shawararsa ba. Injin ƙofar turawa a ƙasa yake zama, ruwan idon sawu ya isa ya kashe shi, ga wuta kuma yau akwai gobe babu.

Kada kuma mu ɗauki ƙofar gareji a matsayin madatsa. Ga lissafi. Ƙofa mai faɗin mita 3, idan ruwa ya tsaya a bayanta zurfin rabin mita, yana tura ta da nauyin kilo 375, watau buhu bakwai da rabi na shinkafa mai kilo 50. Idan ya kai mita 1, nauyin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, kilo 1,500, buhu 30. Ƙofar da take buɗewa ciki, sakata da hinji ne kaɗai suke riƙe da wannan duka. Buhunan yashi a bakin ƙofa suna da amfani ga ruwan da bai wuce ƙauri ba. In aka ce kogi yana hauhawa a Ringim ko Auyo, a fitar da mota da injin ban ruwa zuwa tudu tun hanya tana biyuwa, a ɗora buhuna a kan benci. Ƙofa ba za ta cece su ba.

Yaushe za a daina gyara a sāke sabuwa? Idan farantin ƙasa ne kaɗai ya huje, a yanke shi a sa sabo, ƙofa za ta ƙara shekaru. Haka kuma bututun ƙasa in shi kaɗai ya ruɓe. Amma idan tsatsa ta hau bututun tsaye har ta kai inda hinjin ƙasa yake, faci ba zai riƙe ba, gama babu lafiyayyen ƙarfen da walda za ta kama.

In ya zama dole a sāke, a fara da magini. A tona tushen ginshiƙi ya wuce ƙasar da take tsagewa da rani, a zuba kankare da rodi, a dasa ƙarfen da za a liƙa hinji tun siminti yana ɗanye. A riƙa ba shi ruwa kwana 7 aƙalla. Siminti sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka kada gaggawa ta sa a rataya ƙyaure a kwana na uku. A ɗaga dokin ƙofa ya fi titi tsawo, a yi masa gangara mai sauƙi yadda cikin mota ba zai goga ba, kada kuma gangarar ta toshe kwatar unguwa ta tura wa maƙwabci ruwa. Sai an gama wannan duka za a auna ƙofa, domin wanda ya auna kafin a ɗaga doki zai sāke yanka.

Wurin mai walda kuma a yi ciniki a kan kaurin ƙarfe, ba a kan ado ba. A ce ya nuna farantin kafin ya yanka, wanda bai kai milimita ɗaya ba a ƙi shi. A sa hinji uku a kowane ƙyaure maimakon biyu. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin ƙofa da doki. A nemi ƙaramar ƙofar mutane a jiki ko a gefe, domin kada a riƙa buɗe babbar sau ashirin a yini. A kuma ce ya kawo ta da jan fenti kaɗai, domin ka ga kowace walda da idonka kafin a rufe ta da launi. Wanda ya ba da aikin a Janairu zai rataya ƙofarsa kafin ruwan farko.