Kuɗin Wuta a Gidan Haya: Adalci Kafin Tattali

Tun zamanin NEPA har bayan 2013, lokacin da aka miƙa rarraba lantarki ga 'yan kasuwa, ɗan haya a Birnin Zazzau bai daina kukan kuɗin wuta ba. Sai dai wani kaso na wannan nauyi mu muka ɗora wa kanmu.

A duba gidajen haya daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka: ɗakuna da yawa, mita ɗaya, kuɗi kuwa raba-daidai. Mai firji da hita yana biyan abin da mai ƙwai ɗaya ke biya. Wannan cin haƙƙi ne, kuma shi ke haifar da almubazzaranci, domin wanda tattalinsa ba zai rage masa ko kwabo ba, ba zai kashe fitila ba.

Saboda haka a ƙidaya kayan wutar kowa, a rubuta rabon a gaban shaidu kafin karɓar makulli. A nemi mita mai kati. A maye ƙwai mai wat 60 da na zamani mai wat 9. Haskensu kusan ɗaya ne. Amma zagaye mita sata ce, komai sunan da aka ba ta.

Allah Ya ciyar da mu halal, amin.