A Tambayi Matasan Adar Abin da ke Damunsu

Jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma a ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, idan yaro ɗan shekara 15 ya daina barci, ko yarinya ta yi zugum ta bar cin abinci, uwa ake tambaya, ko malamin lakwal, ko a ce iska ce. Shi mai ciwon ba a cika jin ta bakinsa ba. A ganina wannan ganganci ne, kuma lokaci ya yi da hukumomin lafiya na jihar Tawa za su gyara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A Nijar kuwa kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, kuma binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Ga samari na tafiya cirani Najeriya da Abijan da Libiya, suna barin ƙannensu da nauyin gida.

Masana sun daɗe da gano hanyar auna irin wannan damuwa. Thomas Achenbach na Jami'ar Vermont a Amurka ya tsara takardar tambayoyi 112 wadda ɗan shekara 11 zuwa 18 ke amsawa da kansa: ba haka ba ne, wani lokaci, ko sosai. An gwada ta a kan yaran da aka kai asibiti da waɗanda ba a kai ba, domin a bambance halin ƙuruciya da ciwo na gaske. A 1987 shi da abokan aikinsa suka tattara bincike 119, suka tarar abin da yaro ke faɗa game da kansa bai cika yin daidai da na iyaye da malamai ba. To ina ga ƙasar da kunya kan hana uwa ko kiran sunan ɗanta na fari?

Wasu za su ce yaro na iya yin ƙarya ko ƙarin gishiri. Haka ne, shi ya sa ake haɗa amsarsa da ta manya. Sai dai mudun Vermont ba zai auna hatsin Buza ba. Dole a mayar da tambayoyin Hausa da Buzanci, a karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, a fara da yaran da ke lafiya don a san ma'auninmu. Mace ta tambayi mace, kuma a riƙe sirri, domin rana ɗaya amsar yarinya ta fita kasuwa, babu wadda za ta sake buɗe baki.

Gundumomin nan sun san aikin awo. Bayan yunwar 2005, Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta yi shekaru tana auna damatsan ƙananan yara a Madawa da Buza. Yaran da aka ceto a lokacin yau sun zama samari da 'yan mata. A horas da ma'aikatan ɗakunan shan magani, a tanadi inda za a tura wanda aka ga yana cikin haɗari, sannan a tambaye su. Allah Ya shirya mana zuri'a.