Ciyawar da ke ɓacewa a cikin birnin Kano

Da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gonaki da filaye a cikin ganuwa, dabbobi na kiwo ba sai sun fita ƙofa ba. A yau gine-gine sun cinye filayen, ana cike kududdufai ana yanka filotai, badala kanta ba ta tsira ba. Cikin abin da aka rasa har da aya-aya da danginta, ciyayin bakin ruwa da ba a lissafa su a matsayin dukiya.

Amfanin aya-aya yana ga lokacin da take samuwa. Ciyawar tudu irin su kyasuwa da gamba tana da sinadarin gina jiki sosai a farkon damina, amma tana yin fure sai ta fara taurare. Kafin bazara, sinadarin kan sauka zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, alhali tumaki da awaki na buƙatar kimanin kashi 7 don cikinsu ya narkar da abinci. Ita kuwa aya-aya tana ajiye abinci a 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, don haka takan ci gaba da toho a wuri mai laima bayan ɗaukewar ruwa. Yawanta bai kai ya ƙosar da garke ba, amma takan rage wa mai kiwo kuɗin harawa.

Matan da ke kiwon gida a unguwanni irin su Jakara da Ƙofar Mazugal su ne asarar ta fi shafa. Akuya ita ce asusunsu, ga shi harawa da dusa suna tsada ne a daidai watannin da dabba ta fi rama.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, Kano kuma ta aiwatar da shirin KSADP mai tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ga maganar dajin Ɗansoshiya a Kiru. Sai dai ragon da ke ɗaure a lungu ba zai je Kiru ba. Abin da zai taimake shi yana hannun hukumar tsara birane: a ƙidaya kududdufan da suka rage, a tsaftace su, a hana sayar da gaɓarsu. Yin hakan zai kuma rage ambaliyar da ke rushe gidajen ƙasa a watan Agusta.