Sunuka Ba Wasan 'Yan Zaman Kashe Wando Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinku da sun ga kan wannan magana za su yi dariya su ce, "To, ga Ɗan Sunuka nan ya zo da tatsuniyarsa." Wannan shi ne sunan da aka laƙaba mini a ɗakin kwananmu tun muna aji huɗu, kuma ni ban taɓa fushi da shi ba. Amma tun da an ba kowa fili a wannan mujalla ya faɗi ra'ayinsa, bari ni ma in faɗi nawa, don an daɗe ana yi wa wasan nan hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Da an ce sunuka a garuruwanmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wata rumfar kwano a bakin titi, da wani tebur mai ɗingishi an tokare ƙafarsa da kwali, ga samari sun kewaye shi tun hantsi har magariba, wannan na busa taba, wancan na rantsuwa, ana miƙa kuɗi ta ƙarƙashin tebur. Babanmu ya hana mu ko tsayawa a irin wurin nan, kuma ni ban ga laifinsa ba. Sai dai abin da mutane ba su sani ba, wasan da ake yi a rumfunan nan ba shi ne sunuka ba ma. Wani ƙanensa ne da Turawa ke kira pul, mu ne muka ara masa sunan wansa.

Teburin sunuka na gaske tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 6, watau ya fi wani ɗakin kwanan girma. Ana jera ƙwallo 22 a kansa: fara ɗaya wadda ita kaɗai ake bugu da sanda, jajaye 15, sai masu launi 6. Ja maki 1 ce, rawaya 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa kuwa 7. Ƙa'ida ita ce ka jefa ja a rami, sa'an nan mai launi, sa'an nan ja kuma. Ja in ta shiga ta tafi ke nan, mai launi kuwa alƙalin wasa ya ɗauko ta ya mai da ita mazauninta, har sai jajaye sun ƙare, sa'an nan a bi masu launi daki-daki daga rawaya zuwa baƙa. Wanda ya fi maki ya ci wannan zubi, a sake jerawa. In mutum ya haɗa kowace ja da baƙa, ya share saura ba tare da ya kuskure ba, ya sami maki 147, ba a wuce nan sai in abokin karawa ya yi wani laifi tun da fari. Wanda bai yarda ba ya ɗauki alƙalami: 15 sau 8, a tara da 27.

Wannan 147 ita ce ta jawo ni. Wata rana muna hutu Yayana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai mai son lissafi, zo ka ga aiki." Sai ga wani Bature, Ronnie O'Sullivan, a shekarar 1997, yana kewaya tebur kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Cikin minti 5 da daƙiƙa 8 ya share komai. Na kalla sau uku. A karo na uku ne na lura ashe ba jefa ƙwallo a rami ne gwanintar ba. Gwanintar ita ce inda farar za ta je ta tsaya bayan bugu, don kowane bugu shi ke shirya na gabansa. Tun daga ran nan na kamu.

Babbar gasar wasan nan ita ce ta duniya, wadda ake yi kowace shekara daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu a birnin Sheffield na Ingila. Tun 1977 ake yin ta a wani gidan wasan kwaikwayo mai suna Crucible, wanda bai kai cin mutum 1,000 ba. Ku duba fa, gasar duniya sukutum a wurin da babban masallacin Juma'a ya fi shi ɗaukar jama'a! Mutum 32 ke shiga, a yi kwana 17 ana fafatawa. A zagayen farko sai ka ci zubi 10 za ka wuce, a na biyu da na uku 13, a na kusa da ƙarshe 17, a karon ƙarshe kuwa 18, kuma kwana biyu ake yi ana buga shi. Wani abin daɗi, a wannan lokaci na shekara agogonmu da na Ingila ɗaya ne, ƙarfe bakwai ɗinsu ƙarfe bakwai ɗinmu, ba ruwanka da lissafin sa'o'i.

Gasar 2025 ita ce ta farko da na bi tun daga ranar buɗewa, 19 ga Afrilu, don ta faɗo cikin hutunmu. A ranar farko aka fitar da mai riƙe da kofi, Kyren Wilson, da ci 10 da 9. Masu bayani suka ce ai dama tun da aka koma Crucible ba a taɓa samun wanda ya ci kofin karo na farko ya kuma riƙe shi a shekara ta gaba ba. Ni dai na zaɓi gwanina, Mark Williams, mutumin Wales, ɗan shekara 50, wanda ya ci kofin a 2000 da 2003 da 2018, yana kuma kukan idonsa ya fara rauni. Yayana ya ce na zaɓi tsoho. Na ce masa ai tsohon doki sai mai shi.

Karon da ba zan manta ba shi ne nasa da John Higgins na Sikotilan a zagaye na uku. Su biyun da O'Sullivan duk a 1992 suka zama ƙwararru, watau sun fi shekara 30 suna karo da juna. Williams ya kai 12 da 8, saura zubi ɗaya tak ya wuce. Ina murna, sai Higgins ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci uku, ya ci huɗu, aka yi kunnen doki. A zubin raba gardama har Higgins ya hango nasara, sai ya kuskure shuɗiya. Williams ya taso a hankali, ya jefa shuɗiya, ya jefa mai ruwan hoda, ya jefa baƙa. Ihun da na yi a zaure shi ya fito da Baba daga cikin gida. Ya karɓi wayar, ya ga tebur da sanda, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Abin da na hana ku shi ne ka shigo mini da shi gida?" Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a duba shigarsu." Ya duba, ya ga dattawa biyu da falmaran da laktaye suna musafaha, ga alƙali da farar safar hannu, ga jama'a sun miƙe tsaye suna tafi. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya miƙa wa Yaya wayarsa ya koma ciki bai ce uffan ba. Wanda ya san Babanmu ya san wannan shiru ba ƙaramin rangwame ba ne.

To, ga abin da nake so masu yi mini dariya su gane. Suna cewa wasan ba gudu, ba gumi, ba ihu, barci yake sa su. Ni kuwa ina ganin mafi wuyar abu a sunuka ba a kan tebur yake ba, a kan kujera yake. In ka kuskure, sai ka koma kujerarka ka zauna. Abokin karonka zai iya yin minti goma ko ashirin yana cin maki a gabanka, kai kuwa ba ka da ikon tare shi, ko ture shi, ko yi masa magana, ko da tari mai ƙarfi. A ƙwallon ƙafa in an ci ku sai ka ruga ka ƙwato, ko ka ɗora wa mai tsaron gida laifi, ko ka yi wa alƙali tsawa. A nan ba kowa sai kai da kuskurenka, ga na'urar ɗaukar hoto a kan fuskarka duniya na kallo. In dama ta dawo kuma, dole ka tashi da hannu marar rawa kamar ba abin da ya faru. Lokacin da Higgins ke cinye zubi huɗun nan, Williams na zaune yana kurɓar ruwa kamar mai jiran mota a tasha. Ni da ba ni ke wasan ba, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Wanda ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa ya ga tambayar farko ta gagare shi, ya san irin wannan zama, ya kuma san yadda tambaya ɗaya ke lalata wa mai gajen haƙuri sauran tara.

Akwai kuma wata al'ada tasu da ta ba ni mamaki. In hannun ɗan wasa ko rigarsa ta taɓa ƙwallo, ko da alƙali bai gani ba, shi da kansa zai ɗago ya ce ya yi laifi, a ba abokin karonsa maki aƙalla 4, ya koma ya zauna. Ku gaya mini, a gasar gidaje da muka yi, mutum nawa ne suka taɓa ƙwallo da hannu suka je suka faɗa wa alƙali?

Amma kada in yi ta yabon gwanina in ɓoye muku tabonsa. Masu cewa sunuka da caca ɗanjuma ne da ɗanjummai suna da hujja, kuma hujjar tasu ta fito fili a wannan gasa ɗin. Wanda ya hau karon ƙarshe da Williams shi ne Zhao Xintong na ƙasar Sin, ɗan shekara 28. A 2023 an hukunta 'yan wasan Sin 10 saboda cinikin wasa, biyu aka kore su har abada. Shi Zhao ba a same shi da sayar da wasan kansa ba, amma ya amsa cewa da saninsa wani ya sayar da nasa, ya kuma amsa yana yin caca a kan sunuka. Aka dakatar da shi wata 20. Da ya dawo sai da ya faro daga ƙasa, ya ci karo huɗu na share fage kafin ma ya taka Crucible, sa'an nan ya bi manya yana kayarwa, har O'Sullivan mai kofi 7 ya sha kashi a hannunsa 17 da 7. Mun yi musu da Yayana a kan wannan har tuwo ya huce. Shi yana ganin bai kamata a bar shi ya dawo da wuri haka ba. Ni ina ganin an kama shi, ya amsa, an yanke masa, ya cika. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, su masu wasan da kansu sun ɗauki caca cuta ce, ba abokiyar tafiya ba. Ƙwallon ƙafa ma ai ga shagunan caca nan a kowace unguwa saboda ita, ban kuwa ji wanda ya ce a rufe filin makaranta ba.

Abin takaici, ran Lahadi 4 ga Mayu da aka fara karon ƙarshe, ran nan muka dawo makaranta. A mota na kalli zaman farko, akwatina a kan cinya. Kafin mu iso bakin ƙofa Zhao na da 7, Williams na da 1. Yaya ya karɓi wayarsa, don kowa ya san doka, ya ce, "Sai ka yi wa tsohonka addu'a." Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na riƙa tuna wa kaina labarin 1985, sa'ad da Steve Davis ya yi wa Dennis Taylor 8 da babu, amma Taylor ya biyo shi har suka kai 17 da 17, aka raba gardama a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18 da rabi na kallo a Birtaniya, Taylor ya ci. Na ce abin da ya faru sau ɗaya ai zai iya sake faruwa. Ran Litinin da dare muna firef, littafin kimiyya a buɗe a gabana, amma hankalina na Sheffield.

Sai ran Talata bayan darasi na yi ƙarfin hali na bi malaminmu na lissafi. Na ce, "Malam, don Allah wata alfarma nake nema." Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "Kai kuma duk wasannin duniya ka rasa na bi sai wannan?" Amma ya duba mini. Zhao ya kai 17 da 8, Williams ya ci huɗu a jere, daga nan Zhao ya rufe, 18 da 12. Shi ne mutumin Asiya na farko da ya ci kofin, ya tafi da fam 500,000. Wasan da hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Indiya wajen 1875, ga shi bayan shekara 150 kofinsa ya koma nahiyar da aka haife shi. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Malam ya ga fuskata, sai ya ɗauki alli ya zana tebur a allo ya ce in nuna masa inda ƙwallo za ta bi in ta bugi gefe. Na zana. Ya ce, "Ka ga kusurwar shiga daidai take da ta fita. Abin da na yi mako biyu ina koya muku ke nan kuna hamma."

Saboda haka ina da roƙo ga Shugaban Makaranta da malamin wasanni, cikin ladabi. Ban ce a sayo mana tebur ba, na san kuɗinsa ya yi mana gyaran famfo da tagogi. Talabijin ɗin nan na ɗakin taro da ake kunna mana ƙwallon ƙafa ran Asabar, a ba mu aron yamma ɗaya a shekara, ranar Lahadin da ake fara karon ƙarshe, tsakanin la'asar da magariba. Mun riga mun kai mu shida masu so, har da wanda ya fara laƙaba mini suna. Mun yi alkawari za mu share ɗakin, mu jera kujeru, kuma ba za a ji hayaniyarmu ba, don a wasan nan ko 'yan kallo ba a yarda su yi motsi ba in mutum ya sunkuya zai buga.