Karatun Daren Jarrabawa: Ɗiban Ruwa Da Kwando

Da zarar jarrabawa ta gabato, sai ka ga ɗalibai sun ƙaurace wa gado, ana cin goro ana shan shayi don a kwana ana hadda. A ganina wannan al'ada cuta ce, kuma yadda Allah ya tsara ƙwaƙwalwarmu shi ne hujjata.

Masana sun gano cewa tunawa ba rumbu ɗaya ba ce, a ƙwaƙwalwar mutum da ta biri duka. Akwai ta ɗan lokaci. A 1971 Joaquin Fuster ya nuna cewa wasu ƙwayoyi a gaban ƙwaƙwalwar biri suna ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙoƙi yayin da yake riƙe da inda aka ɓoye masa abinci. Wannan ƙaramar ƙwarya ce, ba ta ɗaukar kaya da yawa.

Ajiya mai daɗewa kuwa tana bukatar wani sashe da ake kira hifokamfas. A 1953, a Amurka, likita ya cire wa Henry Molaison mafi yawan wannan sashe don maganin farfaɗiya. Daga nan har rasuwarsa a 2008, sabon abu ba ya zama a kansa. Amma da Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana duban madubi, hannunsa ya riƙa ƙwarewa kullum, alhali bai tuna ya taɓa yi ba. Ashe ƙwarewar hannu ma gidanta daban.

Abin da hifokamfas ya karɓa ba ya kafuwa nan take. Maimaita shi a ranaku dabam-dabam yana ƙarfafa shi, kuma barci yana taimakawa wajen kafa shi. Wanda ya hana idonsa barci ya hana karatunsa zama.

Wani zai ce ai masu haddar dare suna cin jarrabawa. Gaskiya ne, wasu suna ci. To, bayan wata guda fa? Mai son zama nas ko malami zai bukaci ilimin nan ranar da ran wani ko makomar yaro ke hannunsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu riƙa bita kaɗan-kaɗan tun farkon zango, kamar yadda muka koyi ayoyi a makarantar Lahadi. Malamanmu kuma, muna roƙo kada a tara mana darussa sai makon ƙarshe. In an kaɗa ƙararrawar kwanciya, mu kwanta. Da yayyafi kogi kan cika.