LITTATTAFAN SOYAYYA: ASHANA BA TA YI MAGANI BA

A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a, da sunan kare tarbiyyar ɗalibai. Aka watse ana ganin an gama da fitina. To ina aka kwana? Marubuta ba su ajiye alƙalami ba, makaranta ba su daina karatu ba. Daga baya ma labaran suka koma cikin wayar hannu, inda babu ashanar da za ta kai.

Masu ashana ba su gane inda gizo ke saƙa ba. Littafin Hausa bai taɓa dogara da talla a jarida ba. Bakin mai karatu ne ke sayar da shi. Ɗaliba ta karanta ta miƙa wa ƙawarta a ɗakin kwana, amarya ta ara wa maƙwabciya ta kan katanga, mai shagon haya ya ce wa saurayi wannan ake yayi. Da haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990, ba tare da wani babban kamfanin ɗab'i a bayansa ba. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran marubuci ta titsiye shi, amma ba ta da ɗan sandan da za ta girke tsakanin ƙawa da ƙawa.

Ashe ke nan tacewa ta gaskiya tana bakin mai cewa "karanta wannan". A nan ɓarnar take, 'yan'uwa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi guda ɗaya ne: ya yi daɗi. Ba a tambayar me littafin ya ɗaukaka, me ya wulaƙanta. Wanda ba zai yarda ya haɗa ƙanwarsa da mutumin banza ba, sai ga shi ya miƙa mata littafin da zai kwana da ita a ɗaki yana koya mata cewa mutunci yana cikin mota da gidan bene. Yaba littafi shaida ce, shaida kuwa amana ce da za a tambaya ranar gobe. Kowane ɗan Islamiyya ya san misalin mai turare da mai zuga a maƙera.

Su ma masu yi wa littattafan kuɗin goro suna da nasu kason. Da yawansu suna yanke hukunci a kan abin da ko bangonsa ba su buɗe ba. Shin sun san Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu kuka ne a kan cire yarinya daga makaranta a aurar da ita ga wanda ba ta so? Sun san Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012, tonon silili ne ga magidancin da ya tozarta matarsa da 'ya'yansa? Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da ya fito daga gasar 1933, ba ƙagaggen labari ba ne? Idan aka ce duka najasa ne, yarinyar da ta karanta ta ga ba haka ba ne za ta daina sauraron mai maganar baki ɗaya, ta koma ga ƙawa.

Mafita ita ce a shiga cikin hirar. Malaman Islamiyya, yayye da iyaye mata su karanta abin da yaran ke karantawa, su zauna a tattauna: wa aka zalunta a labarin nan, marubucin yana tare da wa, kuma yaya azzalumi ya ƙare? Mai kyau a yabe shi da sunansa a yaɗa, marar kyau a faɗi aibinsa da hujja. Wanda ya ƙi zama a wannan majalisa, to wani zai zauna a gurbinsa, kuma ba sai ya nemi izini ba.

Allah Ya sa a gane, Ya shirya zuri'ar Musulmi.