Masu Yanka wa Allah Wa'adi

Kaka ta yi. An fara saran rake a fadamun Makarfi da Kudan, masara ta shiga buhu a Ikara, kuɗi sun ɗan zauna a aljihun manomi. Kamar yadda aka saba duk shekara, masu wa'azin yawo sun sauko da lasifika da janareto. A makon nan ɗaya daga cikinsu ya kafa rumfa a wani ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi, yana rantsuwa cewa duk wanda ya ajiye "iri" a gabansa zai ga amsar addu'arsa cikin kwana 21. Mai neman haihuwa kwana 21, mai neman aiki kwana 21, wanda ɗansa ke kwance shi ma kwana 21. Wata 'yar zumuntar mata da ta daɗe da aure ba haihuwa ta sayar da tunkiyarta, ta ƙulle kuɗin a gefen zane. Da layi ya zo kanta ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori, mai wa'azi na tsaye da kwano yana jira.

Asarar tunkiya da ciwo, amma rana ta 22 ta fi ta ciwo. Kafin ta zo mutumin ya bar gari, ya kuma riga ya bar musu bayani: wanda bai gani ba, bangaskiyarsa ce ta gaza. Sai matar ta koma gida da rashin ɗa, da rashin tunkiya, ga kuma zargin kanta a gaban Allah.

Kuma a ce a ƙasar Makarfi ake wannan, ƙasar da Gimi take!

Yaran makarantar Lahadi ba su san labarin Gimi ba, don haka sai a faɗa. A Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya sa zuciyarsa ta rataya ga Annabi Isa, har ya tara almajirai. Wajen shekarar 1867 aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu daga baya suka gangaro ƙasar Zazzau. Yadda zuriyarsu ke ba da labari, abin da suka riƙe shi ne wata rana wasu za su zo musu da cikakken labarin Isa. Ba a faɗa musu shekara ba, ba a faɗa musu ta wace hanya ba. Suka yi noma, suka aurar da 'ya'ya, suka binne iyayensu, suna miƙa wa na baya maganar.

A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, da wani matashin likita a cikinsu, Walter Miller, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 Miller ya zauna a birnin Zariya, ya shekara da shekaru yana magani da koyarwa, waɗanda suka karɓi saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Shi ma jira yake, bai san akwai masu jiransa a ƙauyuka ba. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka same shi. Daga kisan Malam Ibrahim zuwa wannan haɗuwa an haura shekara 40. Yawancin waɗanda suka ji maganar daga bakin malamin sun riga sun kwanta dama. Ba dukan Isawa ne suka zama Kirista ba, amma waɗanda suka karɓa an tara su a Gimi, aka kafa ƙauye da coci da makaranta, wani Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, yana kiwonsu.

Da mai wa'azin lasifika ne ke ba da labarin, a nan zai tsaya a yi tafi. To, ba a nan ya tsaya ba. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa wa Gimi. Ƙudan tsando na cizon mutane a bakin rafi, mutum ya fara zazzaɓi, wuya ya kumbura, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka har ya kasa tashi. Mutane suka yi ta mutuwa, sauran aka kwashe su zuwa Zariya. Waɗannan fa su ne suka jira shekara 40, suka samu abin da suke jira, sannan suka haƙa kaburburan 'ya'yansu. Wane ne zai iya tsayawa a kan waɗannan kaburbura ya ce bangaskiyarsu ce ta yi ƙaranci? Sai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Turawa ta tashi tsaye a kan tsando a wannan yanki, aka sare kurmin bakin rafuka a wajen Anchau, aka gina sabon garin Takalafiya. Ga mutanen Gimi maganin ya zo a makare.

Ragowarsu ba su watsar da abin da suka riƙe ba. Suna cikin waɗanda suka koma Wusasa da mishan ɗin su Miller ta tashi daga birnin Zariya a 1929, inda aka gina cocin St. Bartholomew da asibiti. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Daga zuriyar Isawan nan aka haifi Ishaya Audu a Anchau a 1927, likitan da ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. Kakanninsa ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Nan ne ƙorafin yake. Yaro a Ikara zai iya faɗa maka Ibrahim na Littafi Mai Tsarki yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, yana da 100 aka haifi Ishaku. Zai faɗa maka labarin Saminu da Hannatu, tsofaffin da suka jira a Haikali. Tambaye shi Gimi, ya ce maka tashar jirgin ƙasa ce. Sannan a riƙa mamaki idan wani ya ce masa babu Bahaushe Kirista ya rasa amsa. Jama'ar da ba ta koya wa 'ya'yanta yadda kakanninta suka jira ba, duk baƙon da ya zo da kalanda zai kwashe su.

Gaskiya ne Allah yakan amsa da sauri wani lokaci, kuma babu mai hana kowa roƙon haka. Amma roƙo daban, yanka wa'adi daban. Manomin rake ya san shukarsa takan kusan cinye shekara a gona, kuma idan wani ya zo masa da maganin da zai nunar da ita cikin mako uku, korarsa zai yi. Me ya sa mutumin nan zai miƙa wuya idan an yi masa irin wannan magana da sunan Yesu? Sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera mutanen da ake yabo saboda bangaskiya, ta kuma faɗa ƙarara cewa sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta musu ba. Mai sayar da kwana 21 ko dai bai karanta surar ba, ko ya karanta ya ɓoye. Na farko jahilci ne, na biyu zamba ce, kuma zamba da sunan Allah a kan matalauta.

Laifin bai tsaya a kan baƙo ba. Janareto ba ya shiga filin coci sai da izini. Akwai fastoci da dattawan ikilisiya da suke ba da fili, suna ba da benci, su zauna a sahun gaba, domin za a ba su kaso daga baiko. Su ne za su ci gaba da zama da waɗannan mata bayan lasifika ta tafi, su ne za su ga waɗanda suka daina zuwa sujada don kunya. Diyosis ta Angalikan ta Ikara, da shugabannin ECWA da Baptist da Katolika na wannan yanki, suna da ikon hana wannan kafin Kirsimeti: duk mai wa'azin da zai sa wa alkawarin Allah rana da farashi, kada a ba shi bagade. Su kuma tura matasa da wayoyinsu wurin tsofaffin Wusasa da na ƙauyukan Makarfi da suka ji labarin Gimi daga bakin iyayensu, a naɗi muryoyinsu, a rubuta da Hausa, a sa cikin darasin makarantar Lahadi na shekara mai zuwa.